Mace ta zubar da ciki: kurkuku za a kai ta?

Wannan tambaya ta taso a taron zumuntar mata a Zuru, har muhawara ta kai mu magariba. Ga yadda nake ganin lamarin.

Zubar da ciki zunubi ne?

Zunubi ne. Zabura 139:13 ta ce Allah ne ya harhaɗa mu a cikin mahaifa, Irmiya 1:5 kuma ta ce ya san mu tun kafin ya siffata mu. Abin da ke ciki rai ne. Ɓari daban ne, haka ma cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda likita ke cirewa don ceton uwa.

Me dokar ƙasa ta ce?

Sashe na 232 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗauri har shekara 14, sai in an yi ne don ceton ran uwar, kuma matar da ta zubar da nata da kanta tana ciki. A Kudu, hukuncin mace shekara 7 ne, na wanda ya yi mata aikin kuma 14.

To, in rai ne, me zai hana a ɗaure ta?

Nan na sha bamban da wasu iyayenmu mata. Ciki dai ba mutum ɗaya ke yin sa ba. A Yohanna 8 an gurfanar da macen da aka kama tana zina ita kaɗai, alhali Littafin Firistoci 20:10 ya ɗora hukuncin a kan su biyu. Ina namijin? Har gobe haka muke. Saurayi ya miƙa kuɗi, mai kemis ya ƙulla ƙwayoyi a leda, wani lokaci uwa ce da kanta ke riƙe hannun yarinyar saboda kada suna ya ɓaci. Duk su watse, ita ta kwana da jini. In kuma ta san ɗan sanda na jiranta a ƙofar asibiti, zani za ta ƙara naɗawa ta yi shiru har abin ya fi ƙarfin likita. An rasa ɗa, a rasa uwa.

Ko a Amurka, da Trump ya ce a hukunta irin matan a 2016, manyan ƙungiyoyin kare rai, masu yaƙi da zubar da ciki, su ne suka yi masa ca, ya janye maganar a ranar. A shekarar ne Paparoma Francis ya bar wa kowane fada izinin yafe wannan zunubi ga mai tuba.

Wa za a kama ke nan?

Mai sana'ar zubar da cikin, da wanda ya tilasta wa matar.

Ikilisiya fa?

Mu ma da namu. Budurwa ta yi ciki, a sanar da horonta a gaban jama'a, a cire ta daga mawaƙa, ta koma bencin baya. Wadda ta zubar a ɓoye kuwa tana gaba da rigar mawaƙa. 'Yan matanmu na kallon bencin nan kowace Lahadi, kuma sun iya lissafi.