Ba duk wanda ke gidan yari ne aka yanke wa hukunci ba

Da yawanmu in muka ji an ce wane yana gidan yari, sai mu ɗauka alƙali ya riga ya same shi da laifi. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta Najeriya sun nuna akasin haka. Shekara da shekaru, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, kuma a idon doka ba su da laifi tukuna.

Ƙirga ce ke fito da wannan fili. Masu bincike kan bi fayil ɗaya bayan ɗaya: yaushe aka kama mutum, me ake tuhumarsa da shi, sau nawa aka ɗage zaman kotu, ko fayil ɗin ya maƙale ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. A nan ake gano wanda ya shafe shekaru a tsare kan tuhumar da, ko an same shi da laifi, hukuncinta bai kai tsawon zaman da ya yi ba. Abin yana taɓa zuciya, balle in ka tuna iyalin da ya bari a gida.

Irin waɗannan bayanai ne Babban Jojin jiha ke dubawa kafin ya saki mutane idan ya kai ziyara gidan yari. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa majistare duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta kafa sashen kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima.