Ba Karl Marx ne ya ƙirƙiro rikicin talaka da mai dukiya ba

Da zarar an ambaci gwagwarmayar talakawa da masu dukiya, sai wasu su ce ai ƙirƙirar Karl Marx ce, masanin falsafa ɗan Jamus, wai kafin zuwansa kowa ya san matsayinsa. Wannan magana ba ta da tushe. Shi kansa Marx, a wasiƙarsa ga abokinsa Joseph Weydemeyer a 1852, ya amsa cewa masana tarihi sun riga shi bayyana wannan rikici.

Tun wajen shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa, talakawan Rum suka fice daga birni saboda bashi ya yi musu katutu, sai da aka ba su wakilai masu kare su suka dawo. A 1381 manoman Ingila suka yi bore kan harajin kai, har suka kutsa Landan.

Kai, hatta Adam Smith, da ake wa kallon uban jari-hujja, ya rubuta a 1776 cewa iyayen gida kan haɗa baki a ɓoye don kada ladan ma'aikata ya tashi. Doka ta ƙyale su, amma ta hana ma'aikata haɗa kai.