Ba kowane kaurin fatar kare ne ƙazuwa ba

Da zarar fatar kare ta yi kauri ta yi baƙi kamar ta giwa, sai a ce ƙazuwa ce, a shafa masa baƙin man inji. Abin yana damuna, domin man guba ne, kare kuma zai lashe shi.

Yawanci susa ce ta watanni ke kaurara fatar. Mai jawo ƙaiƙayin kan iya zama cizon ƙuma, abincin da jikinsa bai karɓa ba, ko Malassezia, wani ƙanƙanin naman gwari da ke rayuwa a fata, mai sa hammata wari da maiƙo. Raguwar aikin ƙwayar tayirod ta wuya ma yana sauya fata.

Likitan dabbobi kan kankari fatar ya duba a madubin likita, wani lokaci ya gwada jini ko ya yanki ɗan guntu a bincika.