Aku Ko Hibiskus: Ga Amsa, Kada A Sake Tambaya

Wanne ya fi sauƙin kulawa?

Hibiskus mana, shukar furen nan ta ado. Rana ta awa shida, ruwa, a riƙa rage masa rassa. Shi ke nan.

Furena ya faɗi washegari, ciwo ne?

Ba ciwo ba ne, ku kwantar da hankalinku. Furen hibiskus kwana ɗaya yake yi, da ƙyar ya kai biyu, wani ya buɗe. Dangin rama da auduga ne, haka Allah ya yi su.

Aku fa, shekara nawa yake yi?

Mai launin toka da jan wutsiya, na dazuzzukan Kamaru da Kongo, yakan kai 40 zuwa 60 a hannun mutum. Wanda ya kasa shayar da tukunyar fure mako guda, ina shi ina aku?

Zan iya haɗa su wuri ɗaya, akun ya riƙa tsinkar furen?

To, nan sai a yi a hankali. Shi kansa hibiskus ba dafi gare shi ba, masu kiwon aku ma sukan ba shi furen da reshen ya ɗan yi wasa da baki. Amma akwai sharaɗi. Shukar da aka sayo daga gandun renon furanni sau da yawa an zuba mata maganin ƙwari irin wanda saiwa ke sha ya ratsa ganye da fure, wanki ba ya fitar da shi. Irin wannan sai a bar ta watanni, ta yi sabon toho, kuma ko a hakan ni dai na fi natsuwa da wadda na dasa da hannuna. Sannan a tabbatar hibiskus ɗin ne. Mutane na rikita shi da oliyanda, wata shukar fure mai dafi, wadda ganye kaɗan nata kan tsayar da zuciyar tsuntsu. Ganyen oliyanda siriri ne dogo, na hibiskus faffaɗa mai haƙora, furensa da dogon tsinke a tsakiya. Ko da komai ya yi daidai, ku sani akun zai yi wa shukar kaca-kaca.

Akun da aka kamo daga daji fa?

Tun farkon 2017 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji a duniya, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Kada ku saya.

Akuna yana tsige gashinsa, furen ne ya jawo?

Furen bai yi komai ba. Galibi kaɗaici ne, amma ku fara kai shi wurin likitan dabbobi.