Waiwaye: Hofmannsthal, mai rubuta wa Strauss baitoci

Opera dai wasan Turawa ne da ake rera labarin kaf da waƙa, kuma tun fil azal mai kiɗa ne ke kwashe suna. Ka ce Der Rosenkavalier, kowa zai ce maka na Richard Strauss ne, shi kuwa Hugo von Hofmannsthal da ya ƙago labarin ya rubuta duk kalmar da mawaƙan ke rerawa, sai ka duba ƙasan fosta kafin ka ga sunansa.

Ɗan Biyana ne, babban birnin Ostiriya, an haife shi 1874. Yana ɗan shekara 16 ya fara fitar da waƙoƙi da sunan aro, Loris, don ba a yarda ɗan makaranta ya buga rubutu ba, manyan marubutan garin suka yi ta tsammanin wani dattijo ne, ashe yaro ne. To amma a 1902 sai ya rubuta wata wasiƙa ta ƙage da ake kira wasiƙar Chandos, inda wani marubuci ke cewa kalmomi sun daina yi masa aiki, kuma daga wajen nan shi ma ya kusa barin rubuta waƙa zalla, ya koma dandamali.

Nan ne Strauss ya shigo. Ya ga wasan Elektra na Hofmannsthal da darakta Max Reinhardt ya shirya a Balin, ya ce sai ya sa masa kiɗa, aka nuna shi a birnin Dresden na Jamus a 1909. Rosenkavalier ya biyo a 1911, ya yi kasuwar da har jiragen ƙasa na musamman aka riƙa sawa daga Balin don kai 'yan kallo Dresden. Opera shida suka yi tare cikin shekara ashirin da ɗoriya, kuma abin mamaki ba wani zama tare suke ba, shi yana Rodaun a gefen Biyana, Strauss yana Garmisch a Jamus, wasiƙa ce kawai ke kai da kawo, kuma ba ƙaramin sa-in-sa ke cikinta ba. Strauss na son abin da zai tada 'yan kallo, shi kuma Hofmannsthal ya fi son zurfi da habaici, ni dai a ganina wannan jayayyar ce ma ta sa aikin ya yi kyau.

Hofmannsthal ya kuma sa hannu wajen kafa bikin kiɗa da wasan kwaikwayo na birnin Salzburg a Ostiriya a 1920, aka buɗe da wasansa Jedermann a filin gaban babban coci, labarin attajirin da mutuwa ta zo ɗauka yana tsakar shagali.

Ƙarshensa kam akwai ban tausayi. A Yulin 1929 ɗansa Franz ya kashe kansa, bayan kwana biyu uban na shirin fita jana'iza sai jini ya buge shi, ya rasu ranar 15 ga wata yana da shekara 55. Arabella, aikinsu na ƙarshe, sai 1933 aka nuna shi. Da 'yan Nazi suka haɗe Ostiriya da Jamus a 1938 sun hana Jedermann saboda kakannin Hofmannsthal Yahudawa ne, sai 1946 aka dawo da shi Salzburg.