Don Allah ku daina murza yatsun da sanyi ya kama

Tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka bana, da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a shigo mana asibiti da wani mai hawan dutse yana riƙe da hannunsa ba. Sanyin ba ya ba ni haushi, aikinsa ke nan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da abokan tafiya suke yi wa hannun kafin ya iso gare mu.

Kwanan nan aka kawo wani saurayi. A ƙolin dutse ya cire safar hannu don ya ɗauki hoto, ga iska tana kaɗawa. Kafin su sauko, yatsunsa uku sun yi fari fat, sun yi tauri kamar kyandir, ko tsungulinsu aka yi ba ya ji. Sai abokansa, da kyakkyawar niyya, suka ɗebi dusar suka yi ta goga masa. Da suka shiga mota kuma suka kanga hannun a bakin hita. Ya iso mana da bororo, ga fata a saluɓe, ga ƙuna a kai. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Haba jama'a! Sau nawa za mu faɗa? Yatsan da ya daskare, ruwan cikin namansa ne ya koma ƙanƙara. Kana murzawa, kana yayyanka naman ne daga ciki. Kar a murza da hannu, kar a murza da tawul, balle da dusar ƙanƙara. Fatar da ba ta ji kuma ba za ta gaya maka tana ƙonewa ba, don haka babu wuta, babu hita, babu ruwan zafi.

Na san tausayi ne ke sa ku. Ganin ɗan uwa yana rawar ɗari ba daɗi, hannu ba ya iya zama haka kawai. To ga aikin da za ku ba hannun naku:

A shiga inda iska ba ta bugawa, a cire jiƙaƙƙiyar safa, a sa busasshiya.
A zare zobe tun kafin kumburi.
In farin bai yi nisa ba, ya cusa yatsun a hamatarsa, ya bar su shiru.
In an kai masauki, ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, kamar minti 30. Mai lafiyayyen hannu ne zai gwada ruwan.
Kar a fasa bororo. Ba sigari, ba giya. Sai asibiti.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: in har akwai sauran tafiya kuma yatsun za su iya sake daskarewa, kar a narkar da su tukuna. Daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna nesa ba kusa ba. Ƙafar da aka narkar kuma ba a taka ta.

Kuma ku riƙa tafiya da safar hannu ta biyu a jaka, don Allah. Duk mita 1,000 da kuka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6, tun kafin a yi maganar iska.

Saurayin nan yana zuwa wankin ciwo. Ɗan yatsa ɗaya ya dawo da launinsa. Sauran biyun sai an yi makonni kafin likita ya san inda naman mai rai ya tsaya.