Waiwaye: Tsohon firji, a gyara ko a narka?

An daɗe ana taƙaddama kan ko a gyara tsofaffin kayan lantarki ko a narka su, kuma firji yana cikin manyan misalanta. A 1987 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montiriyal don kawar da sinadaran CFC masu lalata rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. A tsofaffin firji, sinadarin yana cikin bututun sanyaya, yana kuma cikin soson da ke bangon firjin, shi ya sa duk wanda ya fasa tsohon firji a fili don ya ciro tagulla, ya sake shi ke nan sama. Ga kuma cin wuta: firjin Amurka na shekarun 1970 yana shan ninki uku ko fiye na abin da na yanzu ke sha. A lokacin, masu cewa a kwashe tsofaffin a narka suna da hujja mai ƙarfi.

Dokoki suka bi bayansu. Daga 2001 Japan ta wajabta wa mai kaya biyan kuɗin sarrafa tsohon talabijin, firji, injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki. A 2003 Tarayyar Turai ta ɗora wa kamfanoni nauyin tattara abin da suka ƙera. Narkarwa tana yi wa hukuma daɗi, domin ana iya cewa tan kaza aka tara. Injin da mai gyara ya ceto kuwa ba ya shiga lissafin kowa.

Amma kayan da aka ƙera injin da su kaɗai, irin su ƙarfe da tagulla da alminiyam, narkarwa ke dawowa da su. Makamashin da aka ƙona wajen ƙera injin ya tafi. Kuma sau da yawa lalacewar ba ta taka kara ta karya ba. Boris ɗin injin wanki ya mutu, sai a tarar an liƙe shi cikin gangar roba da ba ta buɗuwa, dole a canja gangar gaba ɗaya, a haɗa da ladan mai gyara, kuɗin ya doshi na sabo. A ganina laifin nan na maƙera ne.

Sai a 2021 iska ta juya. Turai ta tilasta wa maƙera ajiye kayan gyara na shekara 7 zuwa 10, Faransa ta fara liƙa wa kaya makin sauƙin gyara. Dokar Turai ta 2024 ta ƙara shekara guda kan garanti ga wanda ya zaɓi gyara, ta kuma ce a sayar da kayan gyara a farashi mai ma'ana, sai dai ba ta faɗi nawa ne ba.